Babi na Bakwai: Ƙaimi da Linzami

"Malam, wai da gaske ne ana iya ƙara wa kwamfuta gudu ba tare da an sayi komai ba?"

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta, a Maraɗi ne ko a Tasawa ko a Kano, ya ji wannan tambaya ko ƴar'uwarta. Galibi daga bakin matashi take fitowa, wanda ya ga bidiyo a wayarsa: wani ya shiga shafin BIOS, inda saitin tushe na kwamfuta yake, ya canza lamba biyu, kwamfuta ta tashi kamar an yi mata sabon jini. Amsar ita ce i, da gaske ne. Masu sana'a suna ce wa abin obakulokin. Mu a nan za mu kira shi sa wa firosesa ƙaimi, don abin da mahayi yake yi wa doki ke nan idan yana so ya fitar da gudun da ke kwance a jikinsa. Inda maganar take shi ne "ba tare da an sayi komai ba". Ana biya. Da zafi ake biya, da wuta, wani lokaci kuma da shekarun da na'urar za ta yi tana aiki.

Mu ɗauki misali guda mu riƙe shi har ƙarshen babin. A ce wani saurayi ne daga El Alhassan Mairairayi, ƙaramar hukumar nan ta yankin Mayahi a jihar Maraɗi, ya tara ɗan jarinsa ya buɗe shago. Yana ɗaukar bidiyon biki da suna, yana yankawa yana haɗawa a kwamfutar tebur, yana zuba wa mutane a katin waya. Abin da ke damunsa shi ne idan ya gama haɗa bidiyon biki, sai ya zauna awa guda yana jiran kwamfuta ta fitar da shi, dangin amarya kuwa suna bakin ƙofa. Shin ƙaimi zai fisshe shi?

Bugun da ake ƙirgawa

Firosesa ba ta aiki a miƙe kamar ruwan famfo. Bugu-bugu take yi, kamar mata masu daka: taɓarya ta sauka, ta tashi, ta sauka. Kowane bugu mataki ɗaya ne na lissafi. Idan aka rubuta gigahaz 3.3 a jikin kwali, ana nufin bugu miliyan 3,300 a cikin daƙiƙa guda.

Wannan adadi daga lambobi biyu yake fitowa. Akwai agogon tushe, wanda a yawancin kwamfutocin yau yake buga miliyan 100 a daƙiƙa, akwai kuma lambar ninki. Idan ninkin 33 ne, an sami gigahaz 3.3. Ka mayar da shi 45, ka sami 4.5. Ba tatsuniya na ƙirƙira ba: haka mutane da yawa suka yi da Core i5-2500K da Intel ya fitar a 2011, kuma saboda haka ne har yau masu wannan harka suke ambatonta da daɗin baki. Kafin ita an yi Celeron 300A a 1998, ƴar araha, wadda ake ɗaga agogon tushenta daga 66 zuwa 100, gudunta ya tashi daga megahaz 300 zuwa 450. Ƙarin rabi ke nan, a kyauta.

Me ya sa kamfani zai bar gudu irin wannan a kwance? Domin firosesoshin da aka yanka daga faifan silikon guda ba su fita daidai da juna, kamar yadda zangarniyar gero daga gona ɗaya ba ta zama tsawo ɗaya. Wata tana ɗaukar gudu da ƴar wuta kaɗan, wata sai an matsa mata. Kamfani yakan sa musu gudun da mafi rauninsu ma za ta iya riƙewa shekara da shekaru. Ratar da ke tsakanin wannan gudu da iyakar taka ta musamman ita ce filin da ake sukuwa a ciki, kuma ba wanda zai gaya maka faɗinsa sai ka gwada.

Amma filin ya ƙuntata. Firosesoshin zamani da kansu suke ƙara gudu idan sun ga akwai sanyi da wuta. Intel yana kiran wannan Turbo Boost, AMD kuma Precision Boost. Wato kamfani ya riga ka cin mafi yawan ratar. Labaran da ake yayatawa na gudu mai ban mamaki kuwa wasa ne dabam. A watan Disamba na 2022 an haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, amma da ruwan iskar hiliyam aka sanyaya ta, wanda sanyinsa yake kai digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma an yi ne don a kafa tarihi. Ba wanda ya haɗa bidiyon biki a kanta.

Ba kowace kwamfuta ba

A nan tafiyar mutane da yawa za ta tsaya. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, an kulle BIOS ɗinsu, babu inda za ka taɓa ninki. A ɓangaren Intel sai firosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta, a kan babban allo na jerin Z. A ɓangaren AMD, tun fitowar Ryzen a 2017 yawancinsu a buɗe suke, muddin allon na jerin B ne ko X. Kwamfutar cinya kuwa a ƙyale ta, ba ta da wurin fitar da zafin. Idan saurayinmu tsohuwar Dell gare shi, ya ƙara mata RAM, ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD. Zai ga canjin da ƙaimi ba zai taɓa ba shi ba.

A ce dai ya yi sa'a tasa buɗaɗɗiya ce.

Kuɗin da ake biya da wuta

Cikin firosesa akwai ƴan mitsi-mitsin makunnai, taranzista, biliyoyinsu, suna kunnuwa suna kashewa a kowane bugu. In ka ce su yi sauri, dole ka ƙara musu matsin wuta, abin da ake aunawa da bolt. Ka tuna da tankin ruwan gari: gwargwadon tsayinsa sama, gwargwadon ƙarfin da ruwa yake fita a famfo, gwargwadon saurin cikar jarka. Idan matsin bai isa ba, bugu na gaba zai zo kafin makunni ya gama juyawa, lissafi ya fita ba daidai ba, kwamfuta ta daskare ko ta nuna shuɗin allo.

Wutar bango a Nijar bolt 220 ce. Firosesa kuwa wajen bolt 1.2 take sha, ƙasa da batirin tocila mai 1.5. Wannan ƙanƙantar ce take ruɗin mutane, su ga ƙarin 0.1 kamar ba komai ba ne. Amma firosesar da take cin wat 120 a kan bolt 1.2, amfiya 100 ke ratsa ta, a cikin ɗan gutsuren da bai kai katin waya biyu ba. A irin wannan wuri kowane ɗigo yana da nauyi.

Ga lissafin da nake so mai karatu ya tafi da shi ko da ya manta sauran babin. Wutar da firosesa take ci tana hawa daidai da gudu: ka ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari, ci ya ƙaru kashi 10. Amma da bolt, ninki biyu ake yi: ana buga shi da kansa. Ka ƙara bolt kashi 10, ci ya ƙaru kashi 21. To a ce saurayinmu ya ɗaga gudu daga gigahaz 4.0 zuwa 4.4, ya ɗaga bolt daga 1.20 zuwa 1.32 don ta tsaya. Ka buga 1.1 sau 1.21, ka sami 1.33. Firosesar da take cin wat 100 ta koma cin 133. Me ya samu? Bidiyon da yake fita a minti 60 zai fita a wajen minti 55. Minti biyar ya saya da ƙarin kashi ɗaya bisa uku na wuta. In a kan hasken rana da batir shagon yake, wannan wat 33 ɗin, a aikin awa takwas, ya haura wat-awa 260 da aka zare daga abin da zai kunna fitila da fanka da dare.

Kuma duk wat ɗin da ya shiga firosesa, zafi yake zama. Babu inda yake zuwa sai nan.

Ɗakin da aka yi gwajin

Zafin ɗaki shi ne abin da bidiyon waya ba ya faɗa, kuma shi ya sa na rubuta wannan babi.

Ƙarfen da ke kan firosesa da fankarsa ba su ƙirƙirar sanyi. Zafi suke kwasa su zuba a iskar ɗaki. Saboda haka abin da suke iyawa shi ne su riƙe firosesa a wata tazara sama da zafin ɗakin. Mai bidiyon nan yana zaune a ɗakin da zafinsa digiri 22 ne, firosesarsa ta tsaya a 80, ya ce lafiya lau. Tazarar 58 ce. Ka ɗauko kwamfutar nan, da lambobinta yadda suke, ka ajiye ta a shago mai rufin kwano a Mayahi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana a jihar Maraɗi yake haura 40. In ɗakin ya kai 42, firosesa tana 100. Wannan kuwa ita ce iyakar da Intel ya sa wa yawancin firosesoshinsa na tebur. Ryzen 7000 na AMD a 95 suke tsayawa.

Idan ta kai iyaka ba ta ƙonewa nan take. Ja da baya take yi, ta rage gudunta da kanta har ta huce. Sai ka ga abin takaici: kwamfutar da aka sa wa ƙaimi, tsakanin azahar da la'asar, ba ta fi wadda ba a taɓa ba, wani lokaci ma ta gaza ta, alhali tana cin wuta fiye da ita. Mai ita yana ganin 4.4 a BIOS yana jin daɗi, aikin kuwa a ƙasa da haka yake tafiya.

Ga kuma ƙura. Garin saurayinmu sunansa ma rairayi yake ambato, kuma duk wanda ya yi hunturu a wannan yanki ya san babu kafar da ƙura ba ta shiga. Tana cushe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo, iska ta daina ratsawa. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen shi ma yana bushewa ya tsattsage. Ba firosesa kaɗai ke wahala ba: ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe caji da ke kan allo da cikin akwatin wuta, masu ƙera su suna da ƙa'idar da suke bi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu.

Don haka a ƙasarmu ba a yanke wa kwamfuta hukunci a watan Janairu. Lambar da ta tsaya da sanyin hunturu ba ta ci jarrabawa ba tukuna. Bazara ce mai jarrabawa.

Tsufan da ba a gani

A ce zafi bai kai iyaka ba, kwamfuta ba ta faɗuwa. Shi ke nan? Da sauran magana. Wayoyin tagulla da ke cikin firosesa sun fi gashin kai siranta sau dubbai. Wutar da ke bi ta cikinsu tana ture ƙwayoyin ƙarfen kaɗan-kaɗan daga wani wuri zuwa wani, kamar yadda ruwan damina yake cin gaɓar Gulbin Maraɗi: bana taku ɗaya, baɗi taku ɗaya, wata rana gona ta rufta. Yawan bolt da yawan zafi su ne suke hanzarta wannan zaizaya. Alamarta ita ce, firosesar da bara take tsayawa a bolt 1.30, bana sai an ba ta 1.33. Ka ƙara, zaizayar ta ƙara sauri. Abin da ya zaizaye kuwa ba ya dawowa.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce. A 2024 masu manyan firosesoshin Intel na zuriya ta 13 da ta 14 suka yi ta kukan kwamfutocinsu suna faɗuwa, har da waɗanda ba su taɓa komai a BIOS ba. A watan Yuli kamfanin ya amsa cewa firosesoshin suna neman bolt fiye da kima. A watan Agusta ya fitar da gyaran da ya hana neman ya wuce bolt 1.55, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba. Wadda ta riga ta taɓu sai musanya. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilu na 2023, wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone har da mazauninsu a kan allo, AMD ya sa a kulle bolt na wani sashe nasu a 1.3. Idan waɗanda suka ƙera abin da hannunsu za su iya zamewa a kan ɗigon bolt, wanda ya kwafo lamba daga bidiyo ya kamata ya taka a hankali. Shi kuma ba mai musanya masa, don garanti ba ya ɗaukar ɓarnar ƙaimi, balle kayan hannu da ba su da garantin tun asali.

Yadda mai haƙuri yake yi

In duk da haka saurayinmu yana so ya gwada, kuma ban ga laifinsa ba, don ta haka ake sanin na'ura, to ya fara da kwashe aikin mutane zuwa wani faifai. Bidiyon bikin wani ba abin gwaji ba ne. Ya buɗe akwati ya hure ƙura, ya goge tsohon mai ya shafa sabo. Sannan ya auna kwamfutar yadda take kafin ya taɓa komai: HWiNFO zai nuna masa zafi da bolt na gaskiya, Cinebench zai ba shi maki. Ya rubuta a littafi, da kwanan wata, da lokacin rana. Wanda bai san inda ya taso ba, ba zai gane ko ya yi gaba ba.

Daga nan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ya ƙara ninki da ɗaya, ya tayar, ya gwada. In ta tsaya, ya ƙara ɗaya. In ta faɗi, ya ƙara bolt 0.01 ko 0.02, ba fiye ba. Kada ya bar bolt a hannun allo ya zaɓa da kansa, domin alluna da yawa sukan zuba fiye da buƙata don kawai kwamfuta ta tashi. Ya sa wa kansa iyaka tun kafin ya fara. Ni a ganina, zafin da ya wuce 85 a lokacin gwaji, da rana, a bazara, ya isa a tsaya. Iyakar bolt kuwa ta danganta da zuriyar firosesa. Masu 2500K sukan tsaya wajen 1.35, amma ba a ɗaukar lambar wata zuriya a ɗora wa wata.

Zai lura da wani abu: da aiki ya yi nauyi, bolt ɗin da HWiNFO yake nunawa yakan ɗan sauka ƙasa da wanda ya rubuta, kamar yadda ƙwan fitila yake dushewa idan mai walda na makwabta ya kunna injinsa. BIOS yana da saiti mai suna LLC da ke tare wannan saukar. Ya zaɓi matsakaici. Mafi ƙarfinsa yakan sa wuta ta yi tsalle sama a daidai lokacin da aiki ya sauka, tsallen da ya fi ƙarfin ganin manhaja.

Gwajin kansa shi ne inda mutane suke ha'intar kansu. Kwamfuta ta tashi, ta buɗe Facebook, sai a ce ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Prime95, manhajar da George Woltman ya rubuta don aikin neman manyan lambobi da ya fara a 1996, tana ba firosesa lissafin da aka riga aka san amsarsa, ta kama ta idan ta kuskure ko da lamba ɗaya. OCCT ma haka, MemTest86 kuma na RAM ne. Minti ashirin sun isa a kowane mataki, amma lambar ƙarshe sai ta yi awanni, har da tsakar rana. Dalili kuwa, faɗuwa ba ita ce mafi muni ba. Mafi muni shi ne kuskuren da ba ya ihu: fayil ya lalace a ɓoye, sai bayan wata biyu ango ya dawo ya ce bidiyonsa yana tsayawa a tsakiya. In kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, kada hankalinsa ya tashi. Ya zare wuta, ya cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya jira kaɗan ya mayar, BIOS zai koma yadda ya zo. Idan kuma ya gano iyakarta, ya sauko mataki ɗaya ƙasa da ita ya zauna a nan, don ya bar wa ƙura da tsufa wuri.

A ja linzami

Da saurayin nan ƙanena ne, da wata hanya zan nuna masa. Lissafin ninki biyun nan da ya cuce shi wajen hawa, shi zai taimake shi wajen sauka. Kamar yadda kamfani ya bar rata a gudu, haka ya bar rata a bolt. Firosesar da ake ba 1.25, in ta yarda ta yi aikinta a 1.15, cin wutarta ya ragu da wajen kashi 15 cikin ɗari, gudu bai taɓu ba. Zafi ya sauka, fanka ta rage kuka, batir ya ƙara jimawa. Tun da firosesoshin yau suna ƙara gudu ne gwargwadon sanyin da suka samu, sau da yawa wadda aka rage wa bolt ita take riƙe gudunta na sama har la'asar, lokacin da ƴar'uwarta mai ƙaimi take ta ja da baya. A Intel ana yin haka ta rage ɗan adadi daga bolt a BIOS, a fara da 0.05, a Ryzen na baya-bayan nan akwai Curve Optimizer.

Gwajin duk ɗaya ne, sai ƙarin abu guda: wadda aka rage wa wuta fiye da kima takan faɗi ne a lokacin da take zaune ba aiki, don haka a bar ta a kunne haka nan ma a gani. Kuskure a wannan hanya kan sa kwamfuta ta daskare ko fayil ya lalace, sai ka mayar da lamba baya. Ba ya cin tagulla.

Duk wannan lissafi na ɗigon bolt kuwa ya ratayu ne a kan zaton cewa wutar da ke shigowa daga bango tsayayya ce. Mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa yake ba wuta, sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Shaguna da yawa sun koma kan janareta da faifan hasken rana, kowanne da irin rawar da wutarsa take yi. Kwamfutar da take mutuwa a kan irin wannan wuta, sau da yawa firosesa ake zargi, alhali mai laifin yana cikin akwatin wutar da ke bayanta. Babi na gaba a kansa zai tsaya: yadda ake gane akwatin wuta na kirki, da bambancin mai daidaita wuta da mai riƙe ta idan an ɗauke, da yawan batirin da shago irin na saurayinmu yake buƙata.